Bututun da Babanka Ya Riƙe

Kankara,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Sabuwa lafiya, ka sami ɗaki mai ƙofar kirki da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya rufe idon mugu daga ganinka, Ya sa hanyar da za ka bi ta zama mai sanyi, tafiya da dawowa.

Na ce wa ƙanwarka Hafsa ta tura maka ita cikin jaka, ƙarƙashin kayan sawa, kada ta ba ka a hannu. Ka san ni da kai ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ga sunan kakanka da kake ɗauke da shi. Tun kana goye nake kau da kai idan ana yabonka, in kuma ina da magana da kai sai in faɗa wa babanka ya isar. Yanzu mai isarwar ba ya nan, ni kuma bakina bai koyi abin da bai saba ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya da Baffanku ya tara mu a tsakar gida ya ce ka karɓi aikin gyaran rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Sabuwa, kowa ya ce madalla. Ni ma na ce Allah Ya sa albarka, ka ji da kunnenka, kuma ban janye ba. Amma aikin da ya ci babanka ke nan, a kan irin waɗannan hanyoyi, shi kuma ko shekara bai cika a ƙasa ba. Ba zan hana ka ba. Ka yi karatun, hannunka ya iya, mutane kuma suna buƙatar ruwa. Abin da nake tsoro guda ne, kuma gara in faɗe shi tun a nan: kada a shigo mani da kai yadda aka shigo mani da shi.

Bari in fara mayar maka da babanka yadda yake, don wanda aka yi ta ba ka labarinsa a zaman makoki ni ban gane shi ba. Wancan ba ya yunwa, ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Nawa kuwa mutum ne mai mance hularsa a kan tankin ruwa, mai sa sabuwar shadda ranar Juma'a ya dawo da baƙin mai a hannun riga, in na yi magana ya ce ai wanki ma ibada ne.

Ranar da na fara ganinsa a Mabai ne, ina sabuwar malama, an kawo motar haƙa rijiya bayan makarantarmu. Na hango wani siriri cikin taɓo har gwiwa, na ɗauka lebura ne, har na aika masa da ragowar kunun da muka sha don tausayi. Ya shanye tas, ya aiko da kwanon a wanke. Sai daga baya hedimasta ya ce mani ai shi ne injiniyan, ɗan Daudawa ne. Har ya bar duniya, in muka yi saɓani na rufe shi da faɗa, sai ya ce, “Malama, ni hwa leburanki ne, mi za ni ce?” Daga nan faɗan ya lalace.

Da aka kai ni gidan haya a Faskari unguwar babu ruwa. Kullum kafin ya tafi ofis sai ya ɗaura jarkoki a bayan mashin ya ɗebo mani, yana wucewa ta gaban majalisar abokansa suna dariya, suna kiransa mijin-ta-ce. Ko a jikinsa. Da na haifi Hafsa ya ga yadda Inna, mahaifiyata, ke fama da ɗaukar tukunyar ruwan zafi na wankan jego, sai ya samo duro ya ɗora kan murhu, ya ja bututu har makewayi. Matan unguwa suka riƙa sallama da sunan barka, alhali duron suka zo gani. Inna ta ce ita ba ta yarda da ruwan da ke tafiya da kansa ba, amma ba ta sake ɗaukar tukunya ba.

Bai taɓa ɗaga hannu ya dake ku ba. In kun yi laifi sai ya juye gwangwanin notuna a tabarma ya ce ku ware, manya gefe, ƙanana gefe. Kai ka fi kowa ware notuna a gidan nan, kuma ka san dalili. Da muka dawo Kankara shi ne mai gyaran lasifikar masallaci, shi ne mai bin gida-gida kafin damina a fito a yashe lambatu. In indararon wani yana zuba a katangar wani har an fara zage-zage, ba ya tsayawa wa'azi, sai ya ɗauko tsani ya hau ya karkata indararon, masu faɗan su tsaya suna kallon juna.

Wannan mutum na rasa. Na faɗa maka ne don ka san ba ƙiyayya ce za ta sa in faɗi abin da ke tafe ba. Ina kewarsa har abinci ba ya mani daɗi, kuma ina fushi da shi. Duka biyun suna nan tare, ba wanda ya kori wani.

A gidanmu ba a taɓa mayar da mai sallama hannu rabbana ba, kuma a wannan da hannuna dumu-dumu. Mutum zai taso daga ƙauye ya ce famfonsu ya daina ba da ruwa. Babanka ya dawo daga aiki ke nan, ya kwanta bayan azahar, ƙafafunsa a kumbure. Ni ce zan je in taɓa shi in ce, “Malam, ana sallama.” Ba wanda ya tilasta mani. Daɗi nake ji. In na shiga gidan biki mata su matsa mani a tabarma, a ce ga matar Injiniya, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce jikokinta sun daina gudawa tun da aka gyara masu famfo. Sai in dawo gida kaina ya yi girma, in dafa masa dambu in ƙulle a leda don tafiyar gobe. Shekara da shekaru muna haka, har mutane suka daina roƙonsa, suka koma sanar da shi kawai. Shi kuma kalmar a'a ta fita daga bakinsa gaba ɗaya, ko ya neme ta ba ya samu.

Kai ka koye ta tun yanzu, tun ba a saba da kai ba. Ban ce ka yi ƙarya ba, ban ce ka wulaƙanta kowa ba. Ka ba mutum ruwa ya sha, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce masa ba yau ba, sai ka bincika hanya. Zai ɓata rai, wataƙila ya ce ba ka yi halin babanka ba. Ka bar shi ya faɗa. In kuma Allah Ya kawo lokacin aurenka, kada ka nemo irina. Ka nemo wadda za ta iya zare makullin mashin ta tura cikin garin tuwo, ta tsaya tana kallon tsakiyar idonka.

Akwai kuma wani hali nasa da na daɗe ina ɗauka ƙwarewa ce. Babanka ba ya iya tsayawa ya ga wani yana riƙe da sifana. Ka tuna shekarar da famfon Mabai ya lalace muna can hutun salla? Kana nan, amma wasa ya ɗauke maka hankali. Kawunka Sale, ƙanena, wanda ke gyaran kekuna a bakin kasuwa, ya tsuguna kusa da shi tun safe yana kallo. Da aka zo kwance kan famfon ya ce, “Yaya, ba ni in kama maka wanga notin, in ga yadda shike.”

Babanka ya ce, “Bari, Sale, kada ka cinye mani zaren. Wanga ba keke ba ne.”

Da dariya ya faɗa, Sale ma ya yi dariya, amma bai sake miƙa hannu ba. Haka ya yi a kowane ƙauye. Maza su taru su ɗaga masa bututu, su miƙo ruwa, su riƙe masa lema, amma cikin famfon shi kaɗai ya san abin da ke ciki. Ba rowa ba ce. Gani yake in ya yi da kansa ya fi sauri, ya fi kyau, kuma gaskiyarsa ce. Sai dai ranar da robar da ke jan ruwa ta cinye, wadda yaron makaranta zai iya sauyawa in an nuna masa, dole a ɗauki ƙafa a zo Kankara a yi sallama a ƙofarmu.

Da daji ya lalace, mutane suka bar gonakin nesa, aka fara tare hanya da rana tsaka, na ce masa ya koya wa samari ko da mutum biyu ne a kowane yanki, ya huta. Ka san amsar da ya ba ni? “Malama, yanzu da hanya ta ɓaci ne za ni sa ɗiyan wasu bisa mashin? In an ɗauke su mi za ni ce ma iyayensu?” Ban yi tunanin in ce masa wanda aka koya wa a ƙauyensu ba ya buƙatar hawa mashin ba, famfon yana bayan gidansu. Wannan amsar ta zo mani ne ina cikin takaba, lokacin da ba ta da sauran amfani.

To kai tana da amfani a gare ka. Duk ƙauyen da ka shiga, kada ka fita sai ka bar hannun da ya iya abin da ka yi. Ka miƙa wa mutum sifana ka koma gefe ka naɗe hannu, ko da zai cinye zaren, ko da aikin awa guda zai kai ku la'asar. Ka nuna wa mai gyaran keke, ka nuna wa maƙeri. Matan da ke tuƙa famfon kullum su suka fi kowa sanin ranar da ƙararsa ta sauya, ka nemi izinin mazansu a nuna masu abin da za su duba. Ka yi aikinka yadda in ba ka zo ba, ba wanda zai kwana da ƙishi. Babanka ya yi nasa yadda in bai zo ba garin ya tsaya, kuma shi ya sa kullum sai ya je.

A shekarun nan na ƙarshe mun koyi wata irin magana ni da shi, wadda ba gaskiya ba ce, ba kuma ƙarya ba. In zai fita in ce, “Ina zuwa yau?” Ya ce, “Nan kusa ne, kahin la'asar ina gida.” Na san kusan nasa yana iya zama bayan Yankara, yana iya zama gefen dajin da ko masu itace sun daina shiga. Ya san na sani. Sai in ce a dawo lafiya, shi ya tafi da sauƙin zuciya cewa bai tayar mani da hankali ba, ni in zauna da sauƙin cewa ban hana shi aikin lada ba. Muna ganin tausayin juna muke yi. Ranar da abin ya faru har magariba ban san ko wace hanya zan ce a bi a neme shi ba.

Kada ka yi mani wannan tausayin. Kafin ka hau mashin ka kira Hafsa ka faɗa mata sunan garin, da hanyar da za ka bi, da wanda zai raka ka. In ka ji kunyar faɗin sunan garin don ka san za mu ce kada ka je, to wannan kunyar ita ce amsarka.

Yanzu sai ranar. Ka ji ta a bakin maza, a waje, cikin kabbara da jinjina. Ni na ji ta a bakin Malam Isuhu, mai unguwar ƙauyen, wanda aka yi komai a gabansa. Ya dawo bayan an watse zaman makoki, ya roƙi Baffanku a bar shi ya yi mani gaisuwa ta bayan labule. Ƙauyen yana can bayan Ruwan Godiya. Ka san sunansa, ni ba na son rubuta shi.

Shi Malam Isuhu ne ya zo kiransa tun farko, cikin bazara, zafi na dukan mutum har cikin ɗaki. Famfonsu guda ne, ya tsaya. Mata suka koma rafi, can ƙasan gari, inda sai an tona yashi ake samun ruwa, kuma a can ɓarayin daji suka kwashi wasu daga cikinsu. Ina bayan ƙofa ina ji lokacin da yake faɗa, sai dai ban kama sunan garin ba. Ba zan ce maka buƙatar ƙarya ce ba, ni kaina na yi hawaye. Babanka ya ce, “Ku saurare ni ran Laraba da hantsi.”

Ka san babanka da alkawari. In ya ce Laraba, to Laraba ce, ko ana ruwan ƙanƙara. Duk ƙasar nan an san haka, kuma abin alfaharinmu ne. Malam Isuhu ya koma da murna, aka sanar a masallaci bayan sallar Juma'a cewa Injiniya na tafe ran Laraba, ruwa zai dawo. Labari ya bi kasuwa. Ranar Laraba tun da safe duk mai saniya, da manoma masu shanun huɗa da makiyayan da ke gefen gari, kowa ya koro dabbobinsa ya tsayar kusa da famfo, don a fara shayar da nasa. Dabbobin da aka daɗe ana ɓoyewa gida-gida, ranar suka taru wuri guda a fili. Wanda ya kai wa mutanen daji labari bai sha wahala ba, an ba shi rana, an ba shi lokaci.

Ka riƙe wannan da kyau. Kada ka taɓa ba da rana. Ka ce kana tafe cikin satin nan in Allah Ya yarda, ka sauka ba zato, ka gama, ka juya. Ka hana a yi shelar zuwanka, ko a masallaci ne. Cika alkawari hali ne mai kyau, mu muka koya maka shi, amma a zamanin da muka koya maka ba a sayar da labarin mutum.

Ka fi ni sanin yadda ake zaro bututun famfo: maza su kama su ɗaga, a maƙale shi da ƙarfen nan a bakin rijiya, a kwance guda, a sake ɗagawa. In aka saki kafin a ɗaure ƙarfen, duk abin da ya rage sai ya zurma ƙasa, wani lokaci rijiyar ta tashi aiki ke nan har abada. Sun zaro wasu sun jera a ƙasa, suna tsakiyar ɗaga na gaba, sai aka ji mashina.

Ga yadda Malam Isuhu ya faɗa mani, ban ƙara ba:

“Hajiya, mu huɗu muna riƙe, shi shina duƙe wurin ƙarhen. Da munka ji harbi ta gabas, shi da bakinshi ya ce mamu, ‘Ku saki ku tahi.’ Munka saki. Na ɗauka tare za mu ruga. Da na kai bakin dangar Alhaji Mamman na waiga, sai na ganai ya danne abin ɗagawar da ƙirjinshi, hannu guda shina murɗa ƙarhen. Na ce, ‘Injiniya, bar shi, taho.’ Ya ce, ‘Saura kaɗan, in ya hwaɗa kun rasa ruwa.’ Ban sake jin muryarshi ba.”

Na tambaye shi ko akwai lokacin da zai isa dangar da ya taso. Ya ce, “Ni da na girme shi na isa, Hajiya.”

Ba shi suka zo nema ba. Shanu suka zo kora, shi kuma shi kaɗai ne a tsaye tsakaninsu da shanun, da ƙarfe a hannu. Da suka tafi aka fito aka ishe shi a gefen dakalin famfon. Ya gama ɗaurewa. Bututun bai faɗa ba.

Wannan kalma ita aka yi ta maimaitawa a ƙofar gidan nan har aka tashi makoki. Bututun bai faɗa ba. Liman ya faɗe ta, abokan aikinsa suka faɗe ta, mutanen da ban taɓa gani ba suka zo daga Daudawa da Sabuwa suka faɗe ta. Ina ɗaki ina jiyowa, kowace faɗa kamar ana murza mani barkono a ido. An ce mani ya yi shahada, ina fata haka ne, ina roƙa masa ita a kowace sujada. Na kuma san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba sai an tuna mani ba. Amma akwai ragowar labarin da ba wanda ya faɗa a waje, don ba ta da daɗin faɗa a gaban jama'a.

Ba a taɓa mayar da bututun ba. Duk garin ba mai sanin yadda ake haɗa shi, ba kuma injiniyan da ya yarda ya taka wurin bayan abin da ya faru. Shanu sun tafi, ruwa babu. Kafin ruwan farko ya sauka mutanen suka kwashe, wasu Faskari, wasu Funtuwa, Malam Isuhu kansa yana zaune a shagon wani ɗan'uwansa da iyalinsa duka. Ya ce mani wani da ya ratsa ta wurin da kaka ya ga bututun yana nan a maƙale yadda babanka ya bar shi, ciyawa ta kai masa rabi. Ko moɗa guda ba a sha daga rijiyar nan ba tun ranar. Abin da aka ba ni a madadin mijina ke nan.

Na ga fuskarka ranar addu'ar bakwai, ta tagar ɗakina. Baffanku ya dafa kafaɗarka ya ce wa mutane, “Injiniya bai mutu ba, ga shi nan.” Ka sunkuyar da kai, amma na ga yadda ƙirjinka ya buɗe. Na san wannan tsayuwar, na zauna da mai ita shekaru masu yawa. Tun ranar na san za ka nemi aikin nan, kuma tun ranar barcina ya ragu. Baffanku mutumin kirki ne, yana son ɗan'uwansa, amma shi da la'asar yake rufe shagonsa ya taka zuwa gida. Masu cewa ka gaji babanka ba wanda zai bi ka ƙauye a cikinsu. Za su zo gaisuwa dai, wannan ba sa fashi.

Ka gaji haƙurinsa. Ka gaji yadda yake wanke kwanon da aka ba shi abinci, da yadda yake duƙawa ya gaida tsoho ko da tsohon lebura ne a ƙarƙashinsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci kafin ka fita, kada ka sha ruwan rafi don kunyar masu gida. In mutanen gari suka ce maka yau hanya ba daɗi, kada ka tsaya tambayar hujja, ka sauke jakarka. In ka isa wuri ka ga an tara dabbobi ana jiranka, ko gaisawa kada ka tsaya yi, ka juya kan mashin. Hafsa da ƙannenta ba su da wani wa sai kai, ni kuma ƙarfina ba kamar da ba, hawan jinin nan ya sa ko tsayuwa a gaban allo ba na iya daɗewa.

Duk abin da na rubuta a sama kana iya mance rabinsa, na san halin ƙuruciya. Wannan guda ce ban yarda ka mance ba, kuma ba shawara ba ce, umarni ne na uwa, wanda ban taɓa ba ka irinsa ba tun da na haife ka. Wata rana za ka kasance a duƙe a bakin rijiya, nauyin bututu a hannunka, ka ji ƙarar da ba ka gane ba. Zuciyarka za ta ce maka saura kaɗan. Za ta faɗa da muryar babanka, kuma za ka so ka saurare ta. Ka buɗe hannunka. Ka bar shi ya zurma, ya tafi da rijiyar, ya tafi da aikin, ya tafi da sunan gidanmu in ya ga dama. Ka ruga, kada ka waiga, ka riga kowa isa danga.

Za a yi magana, na sani. Za a ce ɗan Injiniya ya saki bututu ya ranta a na kare, garin ya rasa ruwa. A zo a faɗa mani. Na zauna a tabarmar matar jarumi, na ji yadda take. Ka bar ni in shiga gidan biki a Kankara mata su taɓa juna su ce ga uwar wanda ya gudu, in nemi gefe in zauna, in ci abincina, in dawo gida in ishe takalmanka a ƙofar ɗaki.

Allah Ya jiƙan babanka, Ya yafe masa, Ya shayar da shi kamar yadda ya so ya shayar da mutane. Kai kuma na ba Allah ajiyarka. Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya ba ka ƙafa mai sauri ranar da kake buƙatarta, Ya dawo mani da kai kana tafiya da kanka. Hafsa da sauran ƙannenka suna gaishe ka. Ka kira da zarar ka karanta, ba sai ka ce komai a kanta ba, in ji muryarka kawai.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka.